Barade 47 na ƙasar Japan: yadda hoton takarda ya riƙe labarin da hukuma ta hana a faɗa

Yau za mu kai ku can gabashin duniya, ƙasar Japan. Duk wanda ya shiga babban gidan ajiyar kayan tarihi, kamar na Guimet a birnin Paris, zai tarar da waɗansu hotuna na takarda waɗanda tsawonsu bai wuce santimeta 39 ba, faɗinsu kuwa wajen 26. A cikinsu za ka ga namiji da takuba biyu a ɗamara, ya murtuke fuska, ya karkace baki, idanunsa sun haɗu a tsakiya. Baƙo zai zaci wani sarkin yaƙi ne. Alhali kuwa ɗan wasan kwaikwayo ne, ya sa kayan barde, yana nuna labarin ramuwar gayya. To, wane labari ne wannan, kuma don me aka buga shi dubu bisa dubu?

Abin da ya faru a fada

A zamanin da muke magana, ikon ƙasar Japan yana hannun wani babban sarkin yaƙi da ake kira shogun, mazauninsa birnin Edo, wanda yau ake kira Tokiyo. Ƙarƙashinsa akwai sarakunan ƙasashe fiye da 200, kowane da baradensa, su ne samurai. Barde ba ya noma, ba ya fatauci. Ubangidansa ke ciyar da shi, shi kuwa ya ba da ransa in ta kama.

A shekarar 1701, ran 14 ga watan 3 na lissafinsu, Asano, sarkin ƙasar Ako, ya zare takobi cikin fadar shogun, ya sari wani dattijo mai suna Kira, wanda shi ne mai koya ma sarakuna ladubban fada. Ya yi masa rauni a goshi da baya, amma bai kashe shi ba. Zare takobi cikin fada babban laifi ne. Kafin rana ta faɗi, shogun Tsunayoshi ya yanke hukunci: Asano ya farke cikinsa da hannunsa, kamar yadda al'adar barade ta tanada. Aka ƙwace ƙasarsa, baradensa wajen 300 suka wayi gari ba su da ubangida, ba su da abinci. Kira kuwa ko faɗa ba a yi masa ba.

Nan ne gizo ya yi saƙa, domin tsohuwar al'adar barade ta ce in mutum biyu suka yi faɗa, duka biyun ake horo. Mutanen Ako suka ga an yi shari'a mai gefe ɗaya.

Wakilin gidan Asano, mai suna Oyishi, ya haɗiye fushinsa har shekara ɗaya da wata goma. An ce har shaye-shaye ya shiga a birnin Kiyoto don masu leƙen asiri su ɗauka ya manta. A ƙarshen watan Janairu na 1703, da dare, cikin tsananin sanyi, shi da mutum 46 suka faɗa ma gidan Kira a Edo, suka same shi ɓoye a ɗakin ajiyar gawayi, suka sare kansa. Suka ɗauki kan, suka ratsa gari da shi har wurin ibada na Sengakuji, suka ajiye a kan kabarin ubangidansu, sa'an nan suka ba da kansu ga hukuma.

Hukuma ta shiga tsaka mai wuya. Dokar zamanin ta yarda mutum ya rama jinin ubansa ko wansa, in ya nemi izni aka rubuta. Waɗannan ba su nemi izni ba, kuma ba Kira ne ya kashe Asano da hannunsa ba. Malamai suka rabu biyu: waɗansu suka ce amintattu ne, waɗansu suka ce masu tada fitina ne. Daga ƙarshe, a watan Maris na 1703, aka umurci 46 daga cikinsu su kashe kansu irin mutuwar barade. Ƙaraminsu, ɗan Oyishi, shekararsa 16, babbansu kuwa 77. Aka binne su kusa da ubangidansu.

Habaici a dandalin wasa

Hukumar Edo ta hana a buga ko a kwaikwayi abin da ya shafi manyan gidaje na zamanin. Amma bakin mutane ba ya ƙulluwa. Masu rubuta wasa suka bi hanyar da mawaƙanmu suka sani sarai, wato habaici: ba ka kama suna ba, amma kowa ya gane.

A shekarar 1748, a birnin Osaka, marubuta uku suka haɗu suka shirya wasa mai kashi 11, mai suna Kanadehon Cushingura, ma'ana taskar amintattun barori. Da farko da ƴan tsana aka yi shi, amma cikin wannan shekara ƴan wasan kabuki suka ɗauka. Sun mayar da labarin baya, zuwa ƙarni na 14. Asano ya koma Enya Hangan, Kira ya koma Moronao, Oyishi ya koma Oboshi Yuranosuke. Sai dai sun bar alamu ko'ina. A rubutunsu, farkon sunan Enya yana nufin gishiri, ƙasar Ako kuwa da gishiri aka san ta. Tambarin da ke kan rigar Oboshi shi ne ainihin tambarin gidan Oyishi. Kalmar kana da ke farkon sunan wasan tana nufin baƙaƙen rubutunsu, waɗanda adadinsu 47 ne daidai. Mai tace wasanni ba shi da abin kamawa, ɗan kallo kuwa ba shi da abin tambaya.

Shi kabuki wasa ne na waƙa da rawa da kwaikwayo. Wata mace mai suna Okuni ta fara shi a Kiyoto wajen 1603. A 1629 hukuma ta hana mata hawa dandali, saboda haka maza ke fitowa a matsayin mata. In wasa ya kai inda ya fi zafi, babban ɗan wasa yakan tsaya cik kamar gunki, ya zare ido, ana buga katako biyu da ƙarfi, jama'a suna kiran sunan gidansa. Wannan tsayawa ita ce masu zane suka fi so su kama.

Ba labarin Ako kaɗai ake yi ba. Akwai na ƴan'uwa biyu, Juro da Goro na gidan Soga, waɗanda suka kashe wanda ya kashe ubansu a 1193, wajen wata babbar farauta a gindin dutsen Fuji. Gidajen wasa na Edo sun mai da shi al'ada su buɗe sabuwar shekara da labarinsu. A hoto, in ka ga riga mai zanen malam-buɗe-littafi, Goro ne, in kuwa ƙananan tsuntsaye ne, to wansa Juro ne.

Yadda ake buga hoton

Aikin mutum huɗu ne. Na farko ɗan kasuwa, mai zuba kuɗi, shi ke zaɓen wasan da za a zana. Na biyu mai zane, shi ke zana hoton da tawada a kan takarda mai shara-shara. Na uku masassaƙi: yakan kifa zanen a kan allon itacen ceri, ya liƙa, sa'an nan ya bi da wuƙa yana cire duk inda babu tawada, har layukan kaɗai su rage a tsaye, kamar hatimi. Zanen asali a nan yake ƙarewa, domin wuƙa ta cinye shi. Kowane launi da allonsa, hoto ɗaya yakan ci allo goma ko fiye. Gashin goshi shi ne mafi wuya, sai gwanin gwanaye ake ba.

Na huɗu mai bugawa. Yakan shafa launi a allo, ya shimfiɗa takarda mai ɗan laima, wadda aka yi da ɓawon itacen kozo, ya murza bayanta da wani ɗan faifai naɗe da ɓawon gora. Babu injin, ƙarfin hannu ne kawai. A gefen kowane allo akwai tsaga biyu inda ake dafa bakin takarda, don launi ya faɗa daidai wurinsa. Hoto mai launuka da yawa ya bazu ne daga 1765, ta hannun mai zane Harunobu.

Yau waɗannan hotuna suna cikin gilashi, amma a zamaninsu kuɗin ɗaya bai fi na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Ɗan dako da baiwar gida suna iya saye, su liƙa a bango. Wanda bai sami shiga gidan wasa ba, a takarda yake ganin wasan.

Fuska uku a hoto ɗaya

Masu zane na farko ba su damu da kamannin ɗan wasa ba, da tambarin rigarsa ake gane shi. Shunsho ne, a rabin ƙarni na 18 na biyu, ya shiga zana hancin mutum da haɓarsa yadda suke. Daga nan mai saye ya riƙa ganin mutum uku a fuska ɗaya: barden gaskiya wanda ba a iya kiran sunansa, da barden wasa mai sunan aro, da ɗan wasan da yake ƙauna.

A 1794 wani mai zane da ya sa hannu da sunan Sharaku ya ɓullo, ya yi hotuna wajen 140 cikin wata goma, sa'an nan ya daina. Cikin na farkonsa akwai fuskokin wani wasan ramuwa, inda ƴan mata biyu, ya da ƙanwa, Miyagino da Shinobu, suke neman wanda ya kashe ubansu. Sharaku bai yi ma kowa kwalliya ba. Dogon hanci ya bar shi dogo, namijin da ya fito a mace kuma ana ganin ƙashin fuskarsa na maza. Yau ana lissafa shi cikin manyan masu zanen fuska na duniya.

Wanda ya fi kowa yawan aiki shi ne Kunisada, wanda aka haifa a 1786. Zanensa ya kai dubbai masu yawa, mafi yawansu na ƴan wasa ne.

Doka da dabara

Tun wajen 1790 ba a sayar da hoto sai da hatimin mai tacewa. A 1842 hukuma ta ƙara matsawa: ta hana hoton ƴan wasa ɗungum, ta ƙayyade yawan launi da farashi, ta kori babban ɗan wasa Danjuro na 7 daga Edo bisa laifin almubazzaranci. Masu zane ba su yi gardama ba, sai suka sake hanya. Suka daina rubuta sunan ɗan wasa, suka ce jaruman dā ne suke zanawa, fuska kuwa kowa ya san mai ita. Kuniyoshi har kyanwoyi da kifaye ya zana da fuskokin ƴan wasa. A 1847 ya fara fitar da jerin hotunan baraden nan ɗaya bayan ɗaya, kowane da taƙaitaccen tarihinsa. Cikin ƴan shekaru dokar ta yi sanyi.

A 1873 sabuwar gwamnatin Japan ta haramta ramuwar jini, ta ce hukunci na hukuma ne ita kaɗai. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar sun hana wasan Cushingura don tsoron kada ya cusa ma mutane son ramuwa, sai a 1947 aka sake yin sa. Har wa yau, kowace shekara ran 14 ga Disamba, jama'a sukan taru a Sengakuji su ƙona turare a kaburburan.

Abin lura

Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, shari'ar da aka yanke cikin yini ɗaya, aka hori ɗaya aka bar ɗaya, ita ce ta jawo duk wannan jini, kuma fiye da shekara 300 ke nan ba a daina maganarta ba. Dokar hana magana ba ta binne ta ba, sai ma ta koya ma mutane dabarun faɗinta.

Na biyu, shi ma hoto yana da tasa shari'a mai gefe ɗaya. Riguna masu zanen baƙi da fari kamar haƙoran zarto, waɗanda kowa a Japan ya san baraden da su, daga dandalin wasa suka fito, hoto ya tabbatar da su. Haka nan mugun dattijon nan mai kwaɗayi da neman matar wani, Moronao na wasa ne. A ƙasar Kira ta asali, cikin jihar Aici ta yanzu, mutane suna tunawa da shi a matsayin shugaban kirki, suna nuna wata madatsar ruwa da suka ce shi ya gina don kare gonakinsu daga ambaliya. Amma muryarsu ba ta kai ta allon masassaƙi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya ga waɗannan hotuna, ya yaba gwanintar masu su, amma kada ya manta ya tambaya ya ji ta bakin ɗaya gefen.