Yadda A Ke Haɗa Wayar Hannu Da Kwamfuta Domin Shiga Intanet

Tun shekarar 2001, da aka soma aiki da wayar hannu ta GSM a Nijeriya, ta yaɗu har da wuya a sami ofishin hakimi inda babu ita. Amma har yanzu a kan ga malamin hakimi ya hau babur ya tafi hedkwatar ƙaramar hukuma domin aika rahoto ɗaya tak ta intanet, alhali kuwa wayar da ke aljihunsa ta isa ta biya masa bukata. Gama yawancin kwamfutoci ba su da layi na kansu, sai dai su ari na waya, kamar yadda a kan ɗebo wuta a gidan maƙwabta.

Hanyar da ta fi dacewa da aikin ofis ita ce ta igiya, watau igiyar USB wadda a ke cajin waya da ita. Malami zai fara tabbatar da akwai data a layinsa, ya kunna ta. Sa'an nan ya soka bakin igiya ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta. In wayar Android ce, waɗanda su ne suka fi yawa a ƙasar nan, sai ya shiga wurin saiti ya nemi inda aka rubuta USB tethering, ya taɓa shi. Ba a daɗewa kwamfuta za ta nuna ta sami intanet. Ribar wannan hanya biyu ce: waya tana shan caji tana aiki, kuma babu wani na waje da zai iya kutsowa cikin layin. In an yi duk wannan abu ya ƙi, kada a yi saurin zargin waya. Akwai igiyoyi masu araha da ba su ɗaukar kome sai wutar caji. A sake wata.

Hanya ta biyu ba ta bukatar igiya. Malami zai kunna hotspot, waya ta zama kamar ƙaramar tashar rediyo, kwamfuta ta kamo ta. A nan ne a ke bukatar lura ƙwarai. Lalle ne a sa kalmar sirri, wadda ba ta kasa harufa takwas ba, a gauraya baƙaƙe da lambobi. Kada a sa sunan hakimi ko sarautarsa, gama shi ne abin da yaran ƙofar gida za su fara gwadawa, kuma su ba su gajiya. Wannan hanya tana cin batir, tana kuma sa waya zafi. Akwai ta uku, ta Bluetooth, amma tafiyarta ta hawainiya ce.

Abin da ya fi cutar da sabon shiga shi ne kuɗi. Kwamfuta ba ta tsimin data kamar waya. Da zarar ta ji intanet, sai Windows ta kama sabunta kanta ba da neman izini ba, har ta iya lashe datar wata guda kafin azahar. Maganinsa shi ne a shiga saitin intanet na kwamfuta a kunna metered connection, watau a sanar da ita cewa da awo a ke sha.

Ya kamata hakimi ya umurci malaminsa ya duba saura kafin aiki da bayansa, ya rubuta a littafi. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita lambobin kamfanoni duka: *323# ta duba sauran data, *312# ta saye. Har wa yau a tabbatar an haɗa layin da lambar shaidar ɗan ƙasa, bisa ga umurnin da aka bayar a watan Disamba na 2020, gama layin da ba a haɗa ba rufe shi a ke yi.

A garuruwan da sabis ba shi da ƙarfi, a ajiye waya bakin taga, ta fuskar da ƙarfen sabis ya ke, a matso da tebur kusa.