Idan Malami Ya Ce "Ɗauki Ɓangare": Yadda Ake Rubuta Takardar Kare Matsaya

A cikin jingar da ake ba ɗalibai a manyan makarantu akwai guda ɗaya da take kayar da har masu ƙoƙarin aji. Malami zai kawo wata magana da ake ja-in-ja a kanta, ya ce kowa ya zaɓi ɓangare ɗaya ya kare shi a rubuce, shafi huɗu ko biyar, a kawo nan da mako biyu. Ɗalibin Kwalejin Rabi'u Musa Kwankwaso da ke Tudun Wada mai shirin shiga jami'a, da yayansa da ya riga ya tsallaka Jami'ar Bayero ko ta Wudil, da wuya su gama karatu ba su gamu da ita ba, ko a darasin Turanci, ko na Tattalin Arziki, ko na Kimiyyar Siyasa.

Mu ɗauki tambayar da ta shafi aljihun kowane gida a nan kudancin Kano: shin ya kamata gwamnati ta ci gaba da tsaurara shigo da shinkafar waje? Abin da yawanci yake dawowa teburin malami shi ne ma'anar shinkafa, sai tarihin nomanta, sai amfanin hanawa guda biyar da illolinta guda biyar, sannan a rufe da cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Addu'ar tana da kyau, amin. Sai dai malami ya karanta shafi biyar bai san inda ɗalibinsa ya tsaya ba, kuma wannan tsayuwar ita ce kaɗai abin da ya tambaya.

Matsaya jimla ce wadda mutum mai hankali zai iya karantawa ya ce bai yarda ba. "Noman shinkafa yana da muhimmanci" ba matsaya ba ce, domin babu wanda zai yi musu da kai daga Bebeji har Doguwa. Amma idan ka rubuta cewa kada Gwamnatin Tarayya ta sake dakatar da harajin shinkafar waje a daidai lokacin da manoma suke girbi, to ka ce wani abu. Ka ambaci wanda kake yi wa magana, ka faɗi abin da kake so ya yi ko ya bari, ka kuma taƙaita kanka ga abin da shafi biyar zai iya ɗauka. Wannan jimla tana zuwa ne a sakin layin farko, ba a ɓoye ta sai ƙarshe kamar labarin ƙagaggen littafi. Duk sakin layin da ya biyo baya aikinsa ya tallafe ta, wanda kuwa bai tallafe ta ba a soke shi, ko da an sha wahala wajen haɗa shi.

Sai hujja. A nan ɗalibi yake bukatar ranaku da shekaru a tafin hannunsa. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, aka fara buɗe su a Disamba na 2020. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Tinubu ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Wanda bai san wannan jerin ba zai yi ta yawo ne a cikin "kwanakin baya" da "a zamanin mulkin wane".

Amma sanin ranakun yana da nasa tarkon. Ɗalibi zai ga farashi ya tashi bayan an rufe boda, sai ya ɗora laifin gaba ɗaya a kan rufewar. To, ina ya ajiye kullen korona na 2020? Idan kuma yana maganar tsadar shekarun baya-bayan nan, ina cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, waɗanda suka ɗaga kuɗin taki da na man injin ban-ruwa da na motar da za ta kai buhu kasuwar Dawanau? Don abu ya zo bayan wani ba shi ne yake nuna wancan ya haife shi ba, kuma malamin Tattalin Arziki a nan yake jiran ɗalibi da jan biro.

Ɗan Tudun Wada yana da wata dama da ɗan cikin birni ba shi da ita. Hujjar tana bakin ƙofarsa. Ya shiga kasuwa da littafi, ya zauna wurin masu injin casa, inda ƙura take farar da gira kuma sai an ɗaga murya ake jin juna, ya tambayi nawa suka sayi buhun shanshera bana da kaka, nawa bara. Ya leƙa wurin matan da suke turara shinkafa su baza ta a kan leda tana shan rana, ya ji ko aikinsu ya ƙaru ko ya ragu. Sai dai ya rubuta ranar da ya yi tambayar, ya kuma tabbatar kwano nawa ne a buhun da ake magana, tunda buhu suna ne kawai, wani ya fi wani ciki. Kuma ya faɗi gaskiyar girman abin da ya samo: mutum shida ya tambaya a kasuwa ɗaya, ba manoman Najeriya ba. Idan yana son magana a kan ƙasa baki ɗaya, sai ya nemi alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya jingina nasa a kansu.

Inda takarda take yin ƙarfi ko ta rushe shi ne wajen abokin hamayya, kuma a nan ba mu da bukatar aron misali daga nesa. Lokacin da yaƙin jihadin Sakkwato ya taɓa Barno, Shehu Muhammadu al-Amin Alkanemi ya rubuto wa shugabannin Sakkwato yana ƙalubalantar dalilinsu. Ya amince akwai saɓo a ƙasarsu, irin su cin hanci da cin dukiyar maraya, amma ya kafe cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma ana samun irinsa a wasu ƙasashen Musulmi ba a yaƙe su ba. Hujja ce mai nauyi. Muhammadu Bello, ɗaya daga cikin shugabannin na Sakkwato, da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 bai ɓoye ta ba. Ya kawo maganar Alkanemi a cikin littafin nasa, sannan ya mayar da martani, inda ya dogara a kan taimakon da sarakunan Barno suka ba sarakunan Hausa wajen yaƙar masu jihadin. Har gobe masana suna saɓani a kan wanda ya fi rinjaye a wannan muhawara, kuma abin da ya ba su damar yin hukunci shi ne Bello ya bar mai karatu ya ji ɗaya ɓangaren da cikakken ƙarfinsa.

Ɗalibanmu kuwa akasin haka suke yi. Sai su ƙirƙiro wani sakaran abokin hamayya wanda wai yana son shinkafar waje don ƙyalƙyalinta, su kayar da shi a layi biyu. Ainihin wanda zai ja da kai ba shi ba ne. Malamin firamare ne mai 'ya'ya bakwai wanda ba shi da ko kadada ɗaya, da direban Adaidaita Sahu a Kano da yake awon kwano-kwano, waɗanda duk ribar da manomi ya samu daga tsada a aljihunsu ta fito. Zai ce maka masu sayen shinkafa sun fi masu nomanta yawa nesa ba kusa ba. Zai ƙara da cewa ƙaramin manomi yana sayarwa ne da kaka a kan araha don ya biya bashin taki, riba ta tafi wurin masu ajiya, shi kuma ya dawo kasuwa da damina yana saye da tsada. Zai kuma tuna maka cewa hani yana ciyar da 'yan fasa-ƙwauri masu biyowa ta Kwatano. Sai ka rubuta wannan yadda shi kansa zai karanta ya ce haka nake nufi, kafin ka amsa. Inda yake da gaskiya ka ba shi. Wataƙila ma ka tarar dole ka rage faɗin matsayarka, ka ce kariyar da harajin yake ba manoma ta zama ta ɗan lokaci kuma a haɗa ta da sauƙin taki da wurin ajiya. Wannan ba faɗuwa ba ce, takardar ce ta fara nuna.

Game da harshe, a bar al'adar muhawarar sakandare a sakandare. Babu gaishe da alƙalai da mai kula da lokaci, babu fatan cewa an gamsar ba a rikitar ba. "Duk mai hankali ya san" zagi ne a fakaice ga wanda kake son jawowa. Karin magana yana ƙawata zance amma ba ya tabbatar da farashin buhu. Aya ko hadisi kuma, in maganar ta kai ga haka, a kawo su da inda aka samo su da fahimtar malamai, ba don a toshe bakin mai tambaya ba.

Kowace lamba da kowace magana ta wani a nuna mai ita, bisa tsarin madogara da sashenku yake bi, wanda sau da yawa APA ne. Kwafo aikin wani daga intanet satar fasaha ce, tana iya jawo wa ɗalibi sifiri ko zaman kwamitin ladabtarwa. Yanzu ga manhajojin waya masu rubuta wa mutum komai cikin minti ɗaya. Sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, ɗalibi ya miƙa bai duba ba, malami ya nema ya rasa.

Kammalawa ba maimaita gabatarwa ba ce da wasu kalmomi. Wurin shawara ne, kuma shawarar ta zama mai hannu da ƙafa. "Gwamnati ta taimaka wa manoma" kowa ya iya faɗa. A ce wace ma'aikata, ta yi me, a wane wata na shekara, kuɗin daga ina. Kafin a kai shagon kwamfuta a buga, a samu mutum ɗaya wanda aka san ba ya goyon bayan matsayar, ko da wan mutum ne mai awon shinkafa da albashi, a karanta masa da ƙarfi. Duk inda ya katse ka ya ce tsaya, a sa alama a koma wa wurin da gyara, kuma wannan yana bukatar a gama rubutun farko aƙalla kwana uku kafin ranar miƙawa.