Naƙuda ko Tiyata: Wanne Mata Suka Fi So?

A shekarar 1985 masana suka taru a birnin Fortaleza na ƙasar Barazil ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, suka ce babu dalilin da zai sa haihuwa ta hanyar tiyata ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kowane yanki. Abin mamaki, ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta zama cikin na gaba-gaba wajen wannan aiki, domin fiye da rabin jariranta ta tiyata ake ciro su. A duniya baki ɗaya, hukumar ta bayyana a 2021 cewa adadin ya tashi daga kimanin kashi 7 a 1990 zuwa kashi 21.

An daɗe ana cewa matan ne ke neman aikin da bakinsu, don tsoron zafin naƙuda ko don su zaɓi ranar haihuwa. Masu bincike sun gwada wannan zance. A wani nazari da Joseph Potter da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, an tambayi mata masu ciki a Barazil abin da suke so. Kashi 70 zuwa 80 suka ce sun fi son su haihu da kansu, masu zuwa asibitin gwamnati da masu zuwa na kuɗi duka. Amma da lokaci ya yi, kashi 72 na matan asibitocin kuɗi aka yi wa tiyata, na gwamnati kuwa kashi 31. Ke nan ba son matan kaɗai ne ya kawo yawan ba. Tiyata kan ƙare cikin kamar awa guda a ranar da aka tsara, naƙuda kuwa kan ci wuni ko kwana, wannan kuma yana shafar shawarar likita mai marasa lafiya da yawa.

Duk da haka, akwai matan da ke neman tiyata da gaske, musamman waɗanda suka sha wuya a haihuwar baya. A Ingila, ƙa'idar da aka fitar a 2011 ta ce a saurari irin wannan mace, a bayyana mata amfani da haɗari, a taimaka mata kan tsoronta. In ta tsaya a kan bakanta, a yi mata.

Haɗarin kuwa sananne ne: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta cikin rauni, da daskarewar jini a jijiyoyi. Tabon da ke kan mahaifa yana iya tsagewa a naƙuda ta gaba, mabiyiya kuma na iya manne masa ta ƙi fita. Haɗarin na ƙaruwa da kowace tiyata, saboda haka mai niyyar haihuwa da yawa ta fi bukatar yin tunani. Jaririn da aka ciro kafin mako 39 kuma ya fi fuskantar wahalar numfashi.

Wasu matan kan nemi a tayar musu da naƙuda ne, da magani ko da ƙarin ruwa mai sinadarin oksitosin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018, kan mata sama da 6,000 masu cikin fari, ya nuna kashi 18.6 na waɗanda aka tayar wa naƙuda a mako na 39 ne suka kai ga tiyata, masu jira kuwa kashi 22.2. An yi wannan ne a asibitocin da ake sauraren bugun zuciyar jariri a kai a kai. Ruwan naƙuda a gida ko a kantin magani yana iya fasa mahaifa.

A Nijeriya matsalar ta juya baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kimanin kashi 3 kacal na haihuwa ta tiyata, ƙasa da abin da ake bukata don ceton uwa da ɗa idan naƙuda ta tsaya. Ɗaliban da ke karanta wannan, cikinsu akwai ungozomomi da likitocin gobe, kuma a wurinsu mace za ta ji gaskiyar kowace hanya kafin ta sa hannu.