Takwara a Tarihin Iyali

Ɗalibin da ya tashi rubuta tarihin gidansu, takwara ne zai fara rikita shi. A ƙasar Hausa akan raɗa wa jariri sunan kakansa. Iyaye kuwa, saboda kunya, ba sa ambaton sunan, sai su kira shi Abba ko Babangida, mace kuma Ummi. Ka ga mutum ɗaya da suna biyu, mutum biyu da suna ɗaya! Dubi Kano: Sarki Muhammadu Sanusi da ya sauka a 1963 kakan wanda aka naɗa a 2014 ne. Sarakuna ana ba su lamba, talaka babu. Saboda haka in tsohuwa ta ce, "Audu ya sari gonar nan," tambaye ta: Audu ɗan wa, mene ne laƙabinsa, zamanin wane sarki?