Wani Da Ido Yake Hadda, Wani Da Kunne

'Yan'uwa mazauna Kudu masu tura 'ya'yansu Borno karatun allo, ga abin lura. A makarantun allo na Bulabulin, cikin Maiduguri, wani almajiri in ya rufe ido sai ya ga allonsa a zuci, har da wasulla. Wani kuwa duhu kawai yake gani, muryar malaminsa ce ke dawo masa.

Tun 1880 wani Baturen Ingila, Francis Galton, ya gano akwai mutanen da sam ba sa ganin hoto a zuci. A 2015 masana suka raɗa wa abin suna afantasiya. Ba daƙiƙanci ba ne, amma in malam bai gane ba, yaron ne zai sha bulala. Tilawa da babbar murya tana taimaka wa hadda ta zauna.