Mai Kayan Sauti

Tun kafin la'asar za ka gan shi a Panshekara ko Na'ibawa, a bayan a-kori-kura, yana dafe da manyan lasifikoki kada su zame a gargada. Yaransa na kiransa Injiniya, ko da bai taɓa zama a ajin koyon lantarki ba. Bikin aure, majalisin mawaƙa, maulidi, taron siyasa, duk sai da shi. Amma ba a tuna da shi sai makirufo ya yi ƙugi, kowa ya waiwayo yana harara.

Rabin sana'ar ɗaukar kaya ne. Akwatunan lasifika da yawa kafintocin gari ne ke haɗa su, a sayo cikinsu a Sabon Gari, idan kwayil ya ƙone a kai wa mai naɗi. Ga amfilifaya, ga mikisa, ga wayoyi a nannaɗe, sannan janareta, wanda dole a kai shi can nesa don kada rurinsa ya shiga waƙa. Panshekara da Na'ibawa ba su da nisa da masana'antun Challawa da Sharaɗa, kuma duk wanda ya taso yana jin injina ya san wuta ita ce uwar aiki.

Ɗaya rabin kuwa kunne ne, kuma nan ne nake ganin muna tauye kanmu. Mai biki yakan ce, "Injiniya, ƙara masa wuta," sai a jibge lasifikoki biyu a gaba, hagu da dama, a murɗe su har ƙarshe. Na kusa kunnensu na zafi, iyaye mata da ke baya ba sa jin ko kalma ɗaya. Zauren da aka rufa da kwano ya fi muni, don sautin yana dukan rufi ya dawo ya haɗu da na bayansa, waƙar ta dagule. Gwani ba ya ƙara ƙarfi. Yakan rarraba ƙananan lasifikoki har tsakiyar fili, ya jinkirta na baya. A zafin Kano sauti na tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa, saboda haka lasifikar da ke mita 35 daga dandamali sai an riƙe ta kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, in ba haka ba a ji mawaƙi sau biyu.

Wannan tunani na raba sauti a wuri shi ne Michael Gerzon na Oxford da Peter Fellgett na Jami'ar Reading suka zurfafa a Ingila a shekarun 1970, cikin tsarin da ake kira ambisonik. A mafi sauƙinsa ana ɗaukar sauti ta hanyoyi huɗu: ɗaya na ƙarfinsa gaba ɗaya, uku na inda ya fito, wato gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Daga nan na'ura ke lissafa rabon kowace lasifika bisa inda aka kafa ta a zauren. Ka ƙaddara kalangu na zagaya taro kamar yadda makaɗi ke yi da ƙafarsa, 'yan amshi na amsowa daga bayanka. Kiɗanmu dama a da'ira ya taso. Masu bandiri ba sa jeruwa a gaban mutane kamar 'yan makaranta.

Tsarin yana da tsada da wuyar saiti, kuma na tsakiyar zaure sun fi morarsa. Wanda kuɗin hayarsa ke ƙarewa a man janareta da sallamar yara ba zai fara da shi ba. Amma gwanayenmu sun riga sun kama hanyar. Kafin baƙi su iso za ka ga Injiniya ya bar mikisa, ya taka har kujerar ƙarshe, ya tsaya shiru, ya ɗaga wa yaronsa hannu ya ce, "Rage bes ɗin nan, juya ta hagun ta kalli mata."