Kakar Ƙwallo ta 2005 zuwa 2006 a Wata Ƙaramar Gasar Ingila

In aka ce ƙwallon Ingila, yawancinmu sai hankalinmu ya tafi ga Manchester United ko Arsenal. To, amma can ƙasa da su akwai ƙananan gasanni na yankuna. 'Yan wasansu suna da sana'o'insu, da rana su je aiki, da yamma su yi atisaye, a ba su ɗan abin da ya samu. Ɗaya daga cikin gasannin ita ce North West Counties, a arewa maso yammacin ƙasar.

A 2005 wani attajiri Ba'amurke, Malcolm Glazer, ya sayi Manchester United da kuɗin bashi, ya ɗora wa kulob ɗin bashin. Wasu magoya baya suka fusata, suka kafa nasu kulob mai suna FC United, kowane memba da ƙuri'a ɗaya. Aka sa su a rukuni na biyu na wannan gasa, wato mataki na 10 daga sama.

Kulob-kulob da suka saba da 'yan kallo tsiraru, kwatsam sai ga dubbai sun biyo FC United. Wasu ma sai da suka ari babban fili. A ganina, kuɗin ƙofar nan ya fi musu maki uku amfani.

FC United ce ta zo ta ɗaya. Ranar 22 ga Afrilu 2006 mutum 6,023 suka hallara a filin Gigg Lane na garin Bury don bikin ɗaukar kofi. Sai baƙi, Great Harwood Town, suka ci wasan 1-0. A shekarar nan kuma kulob ɗinsu ya rushe.